Waƙa, baƙo da nasiha a shirin safe: ta yaya za su zauna inuwa ɗaya?

Wata ƙanwata a wannan sana'a tamu ta aiko min da tambaya. An damƙa mata shirin safe a gidan rediyon da take aiki, daga ƙarfe 6 zuwa 9, aka ce ana so a riƙa jin waƙoƙin da ake yayi, a kawo baƙo a yi hira, a kuma ware ɗan fili na nasiha da tunatarwa. Ga damuwarta: "Anya waɗannan abubuwa uku za su haɗu? Ina tsoron masu son waƙa su ce na cika su da wa'azi, masu addini kuma su ce na raina maganar Allah tunda na ajiye ta tsakanin kiɗa da kiɗa. Ta ina zan fara?"

Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya, kuma na ji daɗi da ya zo miki tun kafin ki buɗe makirufo. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ke kuma ga shi an miƙo miki uku. Amma suna haɗuwa, sun ma daɗe suna haɗuwa. Abin da shekarun tsara shirin safe suka koya min shi ne, rigar nan daga wurin ɗinki take yagewa. Sakan talatin kafin a shiga nasiha da sakan talatin bayan an fito, a nan shiri yake samun mutunci ko ya zubar da shi. Kusan duk abin da zan faɗa miki yana komawa ne ga wannan ɗan taƙin.

Ki fara kwantar da hankalinki, ba ke ce farau ba. Tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta fara watsa shirye-shirye a Nuwamban 1920, kuma ranar 2 ga Janairun 1921, wata biyu kacal bayan nan, ta watsa ibada kai tsaye daga coci. Rediyon gwamnatin Masar da aka buɗe ranar 31 ga Mayun 1934, da karatun Alƙur'ani na Shaihu Muhammad Rif'at aka buɗe shi, kuma a wannan tashar ce dai muryar mawaƙiya Ummu Kulsum ta game ƙasashen Larabawa. Wanda ya fi kama da aikin da aka ba ki shi ne shirin Breakfast Club na Don McNeill daga Shikago, wanda ya yi shekara 35 ana jinsa, daga 1933 zuwa 1968. Akwai makaɗa, akwai barkwanci, akwai hira da baƙi, sannan tun lokacin yaƙin duniya na biyu aka saka ɗan lokaci da ake yin shiru kowa ya yi addu'a a zuciyarsa gwargwadon imaninsa. A Birtaniya har gobe BBC tana da ɗan filin nasiha mai suna Thought for the Day a tasharta ta Radio 4, wanda aka fara a 1970, da irinsa mai suna Pause for Thought a tsakiyar shirin safe na tashar Radio 2 mai cike da waƙoƙi, da Good Morning Sunday na safiyar Lahadi wanda gaba ɗayansa waƙa ce da baƙo da zancen imani. Terry Wogan, wanda ya riƙe shirin safe na Radio 2 daga 1972 zuwa 1984, ya kuma dawo daga 1993 zuwa 2009, mutum ne mai raha ƙwarai, amma yakan sassauta murya ya miƙa makirufo ga mai nasiha, kuma masu sauraronsa wajen miliyan takwas ba su watse ba.

To, wa kike yi wa magana? Wannan ita ce tambayar da nake so ki rubuta ki liƙa a bangon sutudiyo. Mai sauraron safe mutum ɗaya ne, kuma hannunsa a cike yake. Yana neman takalmin yaro, ko yana tuƙi, ko ya kwana a bakin aiki yana hanyar komawa gida. Wani bai gama fita daga magagin barci ba, wanda kan ɗauki mutum kwata ko rabin awa kafin kansa ya washe. Kunne ɗaya ya ba ki, ɗayan yana wurin hidimarsa. Kuma ba zai zauna miki awa uku ba. Zai shigo a tsakiyar jimla, ya yi minti ashirin, ya fita a tsakiyar waƙa. Hukumomin da ke ƙidayar masu sauraro, irin su RAJAR ta Birtaniya, kashi-kashi na minti 15 suke raba yini, kuma nima haka nake kallon shirin safe: kowane kwata ƙaramin shiri ne mai zaman kansa. Wanda ya shigo 7:30 ya fita 7:50 ya kamata ya tafi da lokaci, da waƙar da ya sani, da abu guda da zai tuna.

Saboda haka kafin ki zaɓi waƙa ko ɗaya, ɗauki takarda ki zana da'ira kamar fuskar agogo. Labarai a kan awa, kanun labarai a rabi, talla a inda aka sayar da ita, sauran kuma ki raba. Nasiha ki ba ta tsayayyen lokaci da ba ya motsi. Thought for the Day wajen takwas saura kwata ake yinsa, Litinin zuwa Asabar, shekara da shekaru. Amfanin wannan ya wuce tsari. Mutane da rediyon safe suke auna lokaci, wata za ta ce "in na ji nasiha na san lokacin fita ya yi". Wanda yake so zai jira ta, wanda ba ya so ya san cewa minti uku ne ta wuce, ba zai murɗa tasha ba. Abin da ke korar mutum shi ne a yi masa kwanton ɓauna, yau nasiha ta faɗo masa 6:40, gobe 8:10, jibi ta ci minti tara. A shiri mai awa uku ni sau biyu nake sakawa, ɗaya da wuri don masu sammako, ɗaya a lokacin da gidaje suka fi cika da motsi, kuma ba laifi a maimaita ta farkon, don ba mutane ɗaya ba ne.

Yanzu wurin ɗinkin. Ki ɗauka matattakala ce, ana sauka a hankali ana hawa a hankali, ba a dirowa daga soro.

Waƙar da za ta zo kafin nasiha ita ce waƙa mafi muhimmanci a awar nan, kuma ke za ki zaɓe ta da hannunki, kada ki bar wa kwamfuta. Ki saurare ta har ƙarshe, musamman baitin ƙarshe, domin shi ne zai rage a kunnen mutum lokacin da mai nasiha ya buɗe baki. Ba dole ta zama waƙar addini ba, ni ma ban cika son hakan kullum ba, don yana sa filin ya kumbura ya zama rabin awa na ibada a tsakiyar shirin nishaɗi. Waƙa ce mai natsuwa kike nema, kan uwa, ko gida, ko haƙuri, ko kewa, wadda ba abin da za a ji kunyarsa in an ajiye ta kusa da sunan Allah. In tana da ƙarshe mai tsayawa cak, ta fi wadda ake rage wa sauti a hankali, domin tsayawar tana buɗe ƙofa da kanta.

Sai mai gabatarwa. Muryar da ta gama dariya da mai kiran waya ba za ta iya gabatar da nasiha a wannan numfashin ba. Ta faɗi lokaci tukuna, wannan yana sauko da murya ba tare da an yi wani ƙoƙari ba, sannan ta faɗi sunan mai magana da addininsa ko matsayinsa, shi ke nan. Kada ta canza murya ta koma ta makoki. Masu sauraro suna jin ƙarya a murya fiye da yadda muke zato, kuma in mutumin da ke wasa da su tun ƙarfe 6 ya rikiɗe ya zama wani daban, za su ji kamar an sauya tasha. Mutum ɗaya ne, ya ɗan natsu kawai, kamar yadda kowa ke natsuwa in babba ya shigo ɗaki.

A ƙarƙashin maganar kada a shimfiɗa kiɗa. Na san matasan furodusoshi suna son wannan, suna ganin yana ƙara armashi. Ni ina ganin yana gaya wa mai sauraro yadda zai ji ne tun kafin ya ji, kuma maganar da ke buƙatar kiɗa ya tallafe ta, a sake rubuta ta. In kuwa akwai karatun Alƙur'ani a ciki, zancen ma bai taso ba: aya ta 204 a Suratul A'araf ta umarci a saurara a yi shiru idan ana karanta shi. Ki kuma yi magana da injiniyanki kan ƙarfin sauti. Waƙoƙin zamani ana matse sautinsu ne su cika lasifika, muryar mutum ɗaya tilo in ta biyo bayansu sai ta zama kamar raɗa, mai mota ya rasa jimlar farko gaba ɗaya. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ma'auni mai suna R128 a 2010 don daidaita irin wannan hawa da sauka. Ko tasharku ba ta bin sa, injiniya mai kunne zai iya daidaita miki.

Fitowa ta fi shiga wuya. Idan mai nasiha ya rufe baki, a bar sakan biyu ko uku babu komai. A rediyo sakan uku na shiru yana yi wa na cikin sutudiyo tsawo kamar shekara, hannu yana ƙaiƙayin danna maɓalli, amma wannan shirun na mai sauraro ne, a cikinsa maganar take sauka. Bayan nan mai gabatarwa ta yi godiya, ta faɗi lokaci. Kada ta taƙaita abin da aka faɗa, kada ta ɗora nata wa'azin, kada kuma ta yi barkwanci don ta sauke nauyin da take ji. Sai waƙa mai matsakaicin gudu. Mai zafin ta jira zagaye na gaba. Talla kuwa kada ta taɓa jikin nasiha, gaba ko baya.

Wannan na ƙarshen da ciwo na koye shi. Wata safiya mai nasiharmu ya yi magana kan rashin masoyi, magana mai taushi, kan yadda gida ke yin faɗi bayan an yi rashi. Ban duba jerin abin da aka loda a na'ura ba a daren, kuma yana rufe baki sai ga tallar wata gasa ta faso da ihu da tafi. Bayan shiri wata mata ta kira, mijinta bai cika wata da rasuwa ba. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi maganar ta shige ta har ta zauna a bakin gado, sai ta ji kamar an watsa mata ruwa a fuska. Laifina ne, don duba mahaɗa aikin furodusa ne. Tun daga ranar ban sake barin shiri ya tafi ba sai na ji abin da ke gaban nasiha da abin da ke bayanta da kunnena.

Ita kanta nasihar, gajarta ita ce rabin kyaunta. Minti biyu da sakan 45 ake ba mai Thought for the Day, kuma manyan malaman addinai daban-daban sun yi shekaru suna shiga wannan ƙaramin ɗaki ba su ƙuntata ba. Kada wani ya ce miki gajarta raini ne ga addini. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud yakan yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake zaɓar musu lokacin nasiha don gudun ƙosawa. A Muslim kuma an ruwaito cewa gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. In an kiyaye wannan ga wanda ya taho da ƙafarsa ya zauna, ina ga wanda ke ɗaure igiyar takalmi?

Tunani ɗaya ake so, ba uku ba. Ya fara daga abin da mai sauraro ke taɓawa da hannunsa a safiyar nan: jiran sakamakon asibiti, yaron da ya ƙi magana, bashin da ya hana barci, maƙwabcin da aka yi shekara ba a gaisa ba, ko wani abu da ke cikin labaran ranar. Daga nan ya shiga taskar addininsa ya ɗauko abu guda, aya ko ƙissa ko addu'a, ya dawo da shi wurin da ya faro. Wanda ya fara da "malamai sun kasa wannan mas'ala kashi huɗu" ya rasa mai tuƙi tun a jimlar farko. Filin ba na fatawa ba ne, ba na raddi ba ne, ba kuma na tsoratarwa ba ne. Akwai shirye-shiryen da aka yi domin karatu mai zurfi, kuma mutum da niyyarsa yake zuwa musu. Na safe kuwa mai sauraro waƙa ya zo ji, kika shigo masa da baƙo, don haka baƙon ya yi ladabin baƙunta.

A rubuta ta, ki gani tun daren jiya, a karanta da ƙarfi ana duba agogo. Wasu malamai za su ji nauyin a ce yarinya za ta duba musu rubutu. Ki faɗa musu da girmamawa cewa ba iliminsu kike dubawa ba, lokaci da kunne kike tsarewa, kuma duk abin da ya fita ta tashar, tashar ce za ta amsa shi. Magana zarar bunu ce, a rediyo kuma ba a ma san gidaje nawa ta shiga ba. Yana da kyau ki karanta dokar hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo a ƙasarku. Ta Birtaniya, wato Ofcom, ta ware sashe guda kan addini, kuma ƙa'idojinsa sun dace da hankali a ko'ina: kada a ci zarafin imanin wasu, a bayyana wa mai sauraro addinin da ake magana da yawunsa, kada a cusa aƙida a ɓoye, kada a yi amfani da raunin mutane, kuma a yi taka-tsantsan da iƙirarin cewa wani mai rai yana da wani iko na musamman. Mai cewa yana warkar da kowace cuta in an kira lambarsa, ba shi da wuri a shirinki ko da nawa zai biya.

Wa zai yi nasihar? Ki tara mutum biyar ko shida kina juya su, maza da mata. Ba lallai sai mafi shahara ba, sau da yawa ma wanda ya saba da mumbari da taro shi ya fi shan wuya, domin ya saba yi wa dubu magana, rediyo kuma mutum ɗaya ake yi wa. Ma'aikaciyar jinya mai riƙo da addini, ko malamin makaranta, ko mai ziyartar fursunoni, sukan zo da abin da ya fi shiga zuciya. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ƙauna a tarihin Thought for the Day shi ne Lionel Blue, malamin Yahudawa, a ƙasar da Yahudawa 'yan tsiraru ne. Abin da ya jawo masa mutane shi ne yana magana kan rauninsa da tsoronsa ba tare da ya ɗora kansa sama da kowa ba. In masu sauraronki addininsu ya bambanta, jerin masu nasiharki ya nuna haka, kuma kowa ya yi magana da bakinsa, ya ce "a addinina" ko "mu mun yi imani", yadda wanda ba nasa ba zai iya saurare ba tare da ya ji an tsare shi a lungu ba. BBC ta sha suka shekara da shekaru kan ƙin ba marasa addini wannan fili, ta kuma tsaya kan bakanta. Ko wane matsayi tasharku ta ɗauka kan wa zai shiga, a yanke shi da gangan, a rubuta, don ranar da za a tambaye ki tana nan tafe.

Akwai wani abu da ba zan ɓoye miki ba. Malaman Musulunci sun yi saɓani kan kiɗa tun da daɗewa, wasu Kiristoci ma ba sa jin daɗin a jera maganar Ubangiji da waƙoƙin duniya. Za ki gayyaci wani ya ce ba zai shiga ba. Kada ki yi masa gardama, kada kuma ki yaudare shi, ki naɗi muryarsa a wani wuri ki je ki dasa ta tsakanin waƙoƙin da bai san da su ba. Wannan cin amana ne, kuma in ya fito fili shirin ba zai sake samun malamin kirki ba. Ki gaya masa gaskiyar abin da zai zo kafin shi da bayansa. In damuwarsa kusanci da kiɗa ne kawai, akwai mafita mai sauƙi: ki sa nasihar bayan kanun labarai, ki biyo ta da rahoton yanayi ko gaisuwar masu sauraro, magana ta kewaye ta gaba da baya. Na ga wannan ya gamsar da mutanen da na zaci ba za su taɓa yarda ba.

Baƙon hira shi ne gadar da ke haɗa sauran biyun, in an iya da shi. Ki yi magana da shi ta waya kwana ɗaya kafin nan, don ki san inda labarinsa yake da rai, amma kada ki ba shi tambayoyin a rubuce, zai zo ya yi miki hadda. Ki raba hirar gida biyu, minti huɗu ko biyar kowanne, da waƙa a tsakani, kuma duk dawowa a sake faɗin ko wane ne, saboda wanda ya kunna yanzu. Kashin farko na aikinsa ne da abin da ya kawo shi. Sai ki bar shi ya zaɓi waƙar tsakiyar, ya faɗi dalili. Wannan 'yar dabara tana buɗe mutane fiye da kowace tambaya mai wayo: ɗan wasan ƙwallo zai ce waƙar da mahaifiyarsa ke yi ce, likita za ta ce ita take ji in ta fito daga ɗakin tiyata. Daga nan kashi na biyu yake samun hanyarsa, kina iya tambaya, "A lokacin da abin ya yi tsanani, me ya riƙe ka?" In mai imani ne zai faɗa da kansa, kuma zai fi kowane wa'azi tasiri don ba a shirya shi ba. In ba ya son shiga nan, ki bar shi. Ba a tatsar hawaye da ƙarfe bakwai na safe, kuma ba kowane baƙo ne sai an kai shi ga zancen addini ba. Babban aikin mai gabatarwa a nan shi ne sauraro. Tambaya mafi kyau tana cikin amsar da baƙo ya bayar yanzu, wanda idonsa ke kan takarda ba zai gan ta ba.

Kan waƙa ba zan tsawaita ba, kin fi ni sanin abin da ake yayi. Safe lokacin sananniyar waƙa ne. Tun shekarun 1950 Todd Storz, mai gidan rediyo a birnin Omaha na Amurka, ya nuna cewa mutane suna son su sake jin abin da suka riga suka so, kuma daga irin wannan tunani tsarin maimaita waƙoƙi arba'in mafi farin jini ya samo asali. Sabuwa ɗaya tsakanin sanannu biyu ta isa. Ki ji kowace waƙa daga farko har ƙarshe kafin ta shiga jerinki, domin da safe akwai yara a mota da tsakar gida. Ki kuma riƙa rubuta duk abin da aka saka, haƙƙin mawaƙa ne a biya su.

Sashen kasuwanci zai zo miki, in shirin ya karɓu, da shawarar a sayar da filin nasiha, wani kamfani ya ɗauki nauyi, ko wani mai wa'azi ya biya a riƙa sa shi kullum. Ki tsaya da ƙafarki. A Amurka a 1959 aka bankaɗo yadda kamfanonin faifai ke ba masu gabatarwa kuɗi a ɓoye don su riƙa saka waƙoƙinsu, abin ya kai ga binciken majalisa da gyaran doka a 1960, ya kuma rusa sunan mutane irin su Alan Freed. Waƙa ke nan. Ranar da mai sauraro ya gane cewa muryar da ke ba shi haƙuri da safe ta sayi wurin ne, ya daina jin ta har abada, kuma zai fara zargin sauran shirin ma. A sayar da rahoton yanayi, a sayar da gasa, a bar minti ukun nan.

Ki kuma shirya wa ranar da za a wayi gari da mummunan labari, hatsari ko ambaliya ko rasuwar wanda jama'a ke ƙauna. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ki ajiye jerin waƙoƙi masu sanyi guda ashirin ko talatin a gefe tun yanzu, ki san mai nasihar da za ki iya tasa da asuba ya sake rubutu, ki cire gasa da barkwanci, ki duba tallace-tallacen ranar ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan safiya ce za ki ga amfanin amanar da kika tara a sauran ranaku, don mutane wurin muryar da suka saba da ita suke komawa.

Kafin ranar farko, ku yi gwajin shirin gaba ɗaya kamar da gaske, ku naɗe shi. Kada ki saurare shi a sutudiyo da manyan lasifikoki. Ki sa shi a ƙaramar waya, ki ajiye a ɗaki, ki shiga hidimarki, famfo na zuba, ƙofa na buɗewa. Ki ba wanda ba ya son waƙa ya ji, ki ba wanda ba ya son wa'azi ya ji, ki tambayi kowannensu a wane minti ne ya ji hannunsa na son murɗa tasha. In kin naɗa ki turo min. Ba sai duka awa ukun ba, ki yanko min daga waƙar da ke gaban nasiha zuwa ƙarshen wadda ke bayanta, zan saurara in gaya miki abin da na ji.